Juma'ar da Aka Miƙe wa Mushe

Duk wanda ya zauna da ni ya san ni da mantuwa. Sai in ajiye mukullin shago in yini ina nemansa alhali yana aljihuna, matata har ta gaji da yi mini tsiya a kan haka. Amma akwai wata Juma'a a Dubai, ranar ƙarshe ta watan Mayun 2002, wadda ko tsufa ya kai ni inda zan riƙa rikita sunayen jikokina, ita kam ba za ta fita daga kaina ba. Ranar ce aka buɗe gasar cin kofin duniya da Koriya da Japan suka karɓi baƙuncinta, kuma ranar ce na ga dattijo mai hankali ya ɗauki sunansa ya ɗora a kan ƙwallo.

A lokacin ina zaune a Al Ras, ina saya wa yayana yadudduka da mayafai ina tura masa Kano. Rayuwa ce ta shiga shago, fita shago, ɗaure kaya, kai wa masu kargo. Abin da muke ɗoki duk mako shi ne Juma'a, domin da an sauko daga masallaci sai mu cika tasi mu nufi Abu Hail, gidan wata Hajiya 'yar Maraɗi da ke dafa abincin gida a fulat ɗinta. Wanda ya yi watanni yana fama da biriyani da burodin Indiyawa shi ya san darajar miyar kuka. A falon nan nata Kanawa da mutanen Nijar ke haɗuwa, a baje manyan tire a ƙasa, a ci tuwo, a baje hira har la'asar.

Mutum biyu ne suka fi fice a wannan majalisa. Na farko wani Alhaji ne Bakano, dillalin takalma, abokin yayana. Ƙato ne, ga tumbi, ga murya, ga kyauta, domin sau da yawa shi yake ciyar da baƙin da suka sauka ba su san kowa ba. Matsalarsa ɗaya, bakinsa ba shi da linzami. Idan zolaya ta zo masa, ko a gaban wa ne sai ya sake ta.

Na biyu kuwa wani dattijo ne ɗan Damagaram, siriri, kullum cikin farar riga a goge, da tabarau. Ya shekara ashirin da wani abu yana koyarwa a makarantar firamare a ƙasarsu, har lokacin da albashin malamai ya riƙa maƙalewa, iyali suka yi yawa, ya ajiye alli ya zo Dubai yana yi wa wani ofishin kargo tafinta saboda 'yan kasuwa masu jin Faransanci. Lokacin da na zo baƙo, shi ya riƙe hannuna ya nuna mini lungunan Deira, ya koya mini yadda ake ciniki da Ba'indiye ba tare da an yi mini wayo ba. Ƙanena yake ce mini, ni kuma ina ganin girmansa kamar uba.

To a Nijar, malamin makarantar boko Mushe ake ce masa. Kalmar Faransanci ce ta girmama namiji, bakin Bahaushe ya lanƙwasa ta. Duk ɗan Nijar da ya shigo falon Hajiya sai ya rusuna ya ce, "Mushe, ina wuni?" Mu kuwa a Kano kowa ya san mushe, dabbar da ta mutu ba a yanka ba. Ranar da Alhaji ya fara jin ana kiran dattijon haka, dariya ya yi har ya ƙware da tuwo, kuma tun daga ranar bai sake barin bawan Allah ya huta ba.

"Hajiya, a buɗe taga, mushe ya iso!" Ko kuma ya dubi jama'a da fuskar neman fatawa ya ce, "Malamai, wai ya halatta a haɗa tire da mushe?" Idan wani ya ce Alhaji abin ya yi yawa, sai ya ce ai Bakano da Badamagare abokan wasa ne tun kaka da kakanni, kada kowa ya shiga tsakaninsu. Mushe dai murmushi kawai yake yi ya gyara tabarau. Ni da nake zama kusa da shi ina ganin yadda lomarsa ke ƙanƙancewa, kuma abin yana yi mini ciwo ƙwarai. Sai dai Alhaji sa'an yayana ne, ba ni da bakin tsawata masa.

Akwai kuma wani kuskure da mu Kanawa muka taso da shi. Duk ɗan Nijar a wurinmu ɗan Faransa ne, tun da a bakin iyayenmu muka ji ana cewa wane ya tafi Faransa alhali Maraɗi ya je. Saboda haka da aka fara maganar gasar, aka ce Faransa da Senegal ne za su buɗe fage, Alhaji bai ko yi tantama ba game da ɓangaren da Mushe yake.

Saura mako guda a fara, muna tsakiyar cin abinci, ya ɗaga murya. "To Mushe, Juma'a mai zuwa iyayen gidanku za su yi wa yaran Senegal wankin babban bargo. Ka tanadi tutar da za ka ɗaga?"

Dattijon bai ɗago kai ba ya ce, "Senegal ce za ta ci."

"Me za ta ci? Tuwon Hajiya?"

Falo ya kaure da dariya. Mushe ya bari sai da aka lafa, ya wanke hannunsa a hankali, ya goge, sannan ya dubi Alhaji ido cikin ido, abin da ban taɓa ganin ya yi ba. "Bon, Alhaji, mu yi magana ta manya. In Faransa ta ci, ko ma kunnen doki aka yi, ni na faɗi. Zan hana mutanenmu sake kirana Mushe, kuma ba za ka ƙara ganina a wannan tire ba, ka ci tuwonka babu wari. In kuwa Senegal ta ci, za ka miƙe tsaye gaban kowa, ka harɗe hannuwa a ƙirji, ka gaishe ni yadda yarana na lakwal, wato makaranta, suke gaishe ni in na shiga aji."

Hajiya ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu. "Mi nike ji haka? Ban da caca cikin gidana!"

"Ko dirhami ɗaya babu a ciki, Hajiya," in ji Mushe. "Alkawari ne."

Alhaji ya tafa hannu. "Khalas, magana ta ƙare! Jama'a ku shaida, ba ni na kore shi ba, shi ya kori kansa."

Ni dai sai na janye hannuna daga tire. Ina bin ƙwallo tun ina yaro, na san abin da ake magana a kai. Faransa ce ke riƙe da kofin duniya, ita ce kuma ke riƙe da na Turai. Senegal kuwa wannan ne zuwanta na farko. Ko a cikin ƙasashen Afirka da suka je, mu Najeriya da Kamaru ake sa wa ido, ba wanda yake lissafi da ita. A tsakiyar makon na same shi da yamma a bakin ruwa, inda jiragen katako ke lodin kaya, na zauna na zayyana masa duk wannan, na roƙe shi ya bari in je in sami Alhaji a ce wasa ake yi. Ya saurare ni har na gama. Ya ce ya san babban gwanin Faransa na tsakiya ya ji rauni a cinya ba zai buga ba, kuma yaran Senegal kusan duk a Faransa suke wasa, sun san mutanen ciki da waje. Na ce Mushe, wannan ai ba hujjar da mutum zai jingina da ita ba ce. Sai ya dubi ruwa ya ce, "Na gaji ne, ƙanena. Ko dai a kira sunan da kyau, ko a bar shi gaba ɗaya."

Ranar Juma'ar, zafi ake yi irin na Dubai wanda iska ma tafasa take yi. Labarin alkawarin ya zaga Deira, don haka falon Hajiya ya cika har bakin ƙofa, na'urar sanyaya ɗaki tana ta gurnani amma gumi kowa yake yi. Aka ci abinci a gurguje aka kwashe tire, domin wajen uku da rabi na rana za a take wasa. Abin dariyar shi ne, sai a ranar Alhaji ya lura da ramin da ya faɗa. Kaf falon nan, Kanawa da mutanen Nijar, kowa Senegal yake so, shi kaɗai alkawari ya ɗaure shi a bayan Faransa. Wani ɗan Tawa ta Nijar mai sayar da wayoyi ya zo da dogon burodin nan na Faransawa ya ajiye masa a cinya ya ce, "Alhaji ɗan Faransa, ga abincinku." Alhaji ya ce ko a jikinsa, shi bayan mai nasara yake bi. Mushe yana gefe a kan kujerar roba, ya miƙe baya, ya ɗora tafukansa a gwiwa.

Aka fara. Faransawa suka riƙe ƙwallo suna juya ta yadda suka ga dama. Ba a jima ba ɗan gabansu ya sheƙa wata ƙwallo ta wuce mai tsaron gida, na rufe ido, sai na ji ƙarar ƙarfe. Turke ta daka ta dawo. Alhaji ya ce, "Shwayya shwayya, habibi, a hankali dai, yanzu aka fara." Amma fa muna lura da wani yaron Senegal da ke gaba shi kaɗai, duk lokacin da ƙwallo ta same shi sai tsofaffin bayan Faransa su rikice.

Wajen rabin sa'a da farawa, Senegal ta ƙwace ƙwallo a tsakiya aka jefa wa yaron nan ta hagu. Ya zille wa mai tsaron baya, ya bar shi kwance, ya ruga har kusa da layi ya turo ta ƙasa-ƙasa cikin gida. Aka yi cakwakiya, ƙwallo ta bugi ɗan bayan Faransa ta bugi golansu, wani dogon ɗan Senegal da ya riga ya zame ƙasa ya miƙa ƙafa daga zaune ya tura ta raga.

Wallahi ban san lokacin da na tsinci kaina a kan kujerar Hajiya ba. Mutanen Nijar suna ihu da Faransanci, mu muna ihu da Hausa, mai sharhi yana ihu da Larabci, a talabijin kuma yaran sun shimfiɗa riga a kusurwar fili suna rawa suna zagaya ta. Kuma wa za a gani a tsakiyar falo ya ɗaga hannu biyu sama, hula ta faɗi, yana "Allahu Akbar, ta shiga!"? Alhaji ne. Sai da ya ga kowa ya zuba masa ido sannan ya tuna ko shi wane ne a ranar, ya sunkuya ya ɗauki hularsa ya koma ya zauna yana cewa ƙafarsa ce ta yi sanyi ya tashi miƙewa. Mushe bai motsa daga kujerarsa ba, tabarau kawai ya cire yana gogewa da bakin riga.

Da aka tafi hutun rabin lokaci muka yi la'asar a gurguje a barandar bene. Bayan sallama na ga Mushe ya zauna a kan matakala shi kaɗai, na je na zauna kusa da shi na ce saura rabi. Ya ce rabi mai tsawo. Sannan, ba tare da na tambaye shi ba, ya fara ba ni labarin mahaifinsa.

Ya ce lokacin yaƙin duniya na biyu Faransawa suka zo ƙauyensu suka ɗebi samari, har da mahaifinsa, aka kai su yaƙi ƙasar Turawa. A can duk baƙin sojan da aka kwaso daga ƙasashenmu, ko daga ina yake, ɗan Senegal suke ce masa. Da tsohon ya dawo, da tari a ƙirji da yatsun ƙafa da sanyi ya cinye, sai mutanen ƙauye suka laƙaba masa Sanagal, da sunan aka san shi har ya rasu. "Ka ga ke nan ni ɗan Sanagal ne na haƙiƙa," in ji shi, yana ɗan murmushi. Ya ce tsohon yakan ba su labari cewa shekarun da ya yi a can, duk Baturen da ya tsaya gabansa, ko yaron da bai kai ƙaninsa ba, dole ya ƙame ya ce masa Mushe, shi kuwa ko sau ɗaya ba a taɓa ce masa ba. Shi ya sa lokacin da kowa a ƙauyen ke ɓoye 'ya'yansa kada a kai su lakwal, shi da kansa ya kama hannun ɗansa ya kai, ya ce ba zai mutu ba sai ya ji an kira jininsa da wannan suna. "Ranar da na fara koyarwa, ya zo ya tsaya bayan taga da sandarsa. Yara suka miƙe suka gaishe ni. Da na waiga, kuka yake yi." Ya mayar da tabaransa. "Gona ban gada ba, ƙanena. Wannan sunan shi ne gadona."

Sai muka ji gyaran murya a bayanmu. Alhaji ne tsaye da takalmansa a hannu, ban san tun yaushe yake wurin ba. Ya raɓa mu ya shige falo.

Rabi na biyu azaba ce tsantsa. Faransa ta taso da duk abin da take da shi, golan Senegal yana ta tashi sama yana faɗuwa. Senegal ta sami dama guda ta daki sandar sama, kafin mu gama cizon yatsa Faransa ma ta daki tata sandar, Hajiya ta saki salati daga ƙofar kicin. A nan ne na ji wata murya tana cewa, "Ya Allah ka riƙe wa yaran nan! Ya Allah kada ka ba Faransa ko ɗaya!" Na juya, Alhaji ne, carbi a hannu, gumi ya jiƙa masa riga. Ɗan Tawa ya ce, "Alhaji, ka manta ɓangarenka?" Ya daka masa tsawa, "Rufe mini baki, yalla, maza ku tashi ku yi addu'a!" Mintunan ƙarshe ba wanda ya zauna sai Mushe. Ni kam na daina kallon ƙwallo, alƙalin wasa kawai nake bi da ido ina jiran ya kai usur baki.

Da ya busa, ɗaya da nema, na tabbata har titi an ji mu. Mutanen da ba su taɓa gaisawa da hannu biyu ba suka rungume juna, wani ya ɗauki tiren Hajiya yana kaɗawa, ita kuma ta rangaɗa guɗa irin ta Maraɗi. Ban taɓa jin daɗin ƙwallo irin na ranar ba, har da wasannin da Najeriya ta ci.

Alhaji ne ya tsayar da hayaniyar. Ya kashe talabijin da kansa, ya dubi ɗan Tawa ya ce, "Kai, zo ka koya mini yadda ake yi." Aka nuna masa. Ya gyara hula, ya haɗe ƙafafu, ya harɗe hannuwa a kan tumbin nan da ƙyar suka haɗu. Wasu suka fara ƙyalƙyalewa, ya watsa musu wani kallo, kowa ya haɗiye dariyarsa. Sannan ya fuskanci dattijon da ke zaune a kujerar roba, ya buɗe muryar nan tasa, babu ko ɗigon wasa a ciki, ya ce, "Bonjur, Mushe."

Kafin Mushe ya amsa, sai na ga mutanen Nijar suna gyara tsayuwa ɗaya bayan ɗaya suna harɗe hannuwa, manyan mutane masu gemu, jikinsu ya tuna abin da suka saba tun suna yara. Mu Kanawa muka dubi juna muka bi sahu. Hajiya ma ta ajiye ludayi. Falo guda muka haɗa baki, "Bonjur, Mushe!"

Ya miƙe a hankali yana dafa kujera. Ya bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya. Ni dai hawaye nake yi a fili, ban kuma ji kunyar kowa ba. Can ya ɗaga hannu ɗaya kamar yadda na tabbata ya saba yi a gaban allo, ya ce, "Ku zauna, yarana." Alhaji da furfurarsa ya zauna dirshan a ƙasa tare da mu.

Sauran gasar kowa ya san yadda ta kaya. Mu Najeriya tun a zagayen farko muka tattara kayanmu, Faransa ma haka, ko ƙwallo ɗaya ba ta jefa ba ta koma gida. Senegal ta yi ta tafiya har zagayen ƙasashe takwas, inda Turkiyya ta cire ta a ƙarin lokaci. Duk wasanninta a falon Hajiya muka kalla, kuma duk ranar da Mushe ya shigo, Alhaji ne yake fara tashi ya jawo masa kujera. Zolaya dai bai daina ba, wannan sai kabari, amma sunan bai sake taɓa shi ba, kuma duk baƙon Bakanon da ya ji an ce Mushe ya fara murmushi, Alhaji ne yake taka masa birki tun kafin ya yi magana.

Yanzu na kai shekarun da Mushe yake da su a lokacin, kuma na sha jin sunaye da laƙabin da suka ba ni dariya a bakin mutanen wasu garuruwa. Amma tun daga wannan Juma'ar, duk lokacin da dariyar ta taso mini sai in danne ta in fara tambaya tukuna. Abin da na koya ke nan: kalmar da take abin wasa a garinku, a wani gidan uba ne ya sha wahalar duniya kafin a kira ɗansa da ita.